Keke a hanyar amalanke: kundin zagayen Maraɗi, Agye, Tasawa da Mayahi

Lahadi, 6 ga Oktoba 2024

Maganar zagayen keke ta tsaya jiya da daddare. Kwana uku za a yi, daga Asabar 28 ga Disamba zuwa Litinin 30, kuma ba a hawa kwalta sai inda dole ta sa a tsallaka ta. Ranar farko Maraɗi zuwa Agye. Ta biyu Agye zuwa Mayahi, amma ta Ɗan Saga da Tasawa. Ta uku a bar Mayahi a yi yamma har Sabon Mashi, a gangaro ta Tsibiri a shigo gida. A taswirar waya jimillar ta haura kilomita 300, kusan duka hanyar amalanke ce da burtali da jan ƙasa.

Masu shirya abin mutanenmu ne da muka saba fita tare safiyar Lahadi kan titin Ɗan Isa. Sun ce kwalta ta ishe su, manyan motocin kaya ma sun ishe su. Na biya jika biyar na rajista. Za a ba kowa kati da za a riƙa buga wa hatimi a wuraren tsayawa, kowane wuri da lokacin rufewarsa. Wanda ya iso bayan an rufe ya fita daga lissafi, ko da ya ƙarasa tafiyar.

Da son rai ne kudu za a yi, ta Madarumfa da Gabi a shiga dajin Baban Rafi, inda inuwa take. Ba wanda ya ma kawo maganar. Kowa ya san abin da ɓarayin daji suka mai da bakin iyakar nan, ba kuma mai kai ƴaƴan mutane can saboda wasa.

Kekena na gwanjo ne, mai giya 21, taya lamba 26, birkin roba irin mai matse bakin wili. Na saye shi kafin a rufe iyakar Benin a 2023, lokacin da kayan Kwatano ke shigowa a wadace. Yau irinsa sai ka ƙara kuɗi sosai, ni kuwa ba ni da niyyar sayen wani. Abin da nake so in gano kafin Disamba shi ne ko wannan ɗin zai iya da yashi.

Lahadi, 13 ga Oktoba

Na bi bakin gulbi na nufi Jiratawa. Damanar bana ta sauya hanyoyin gaba ɗaya. Ruwan ƙarshen Agusta da ya rusa gidaje cikin gari ya tsaga koramu a wuraren da bara ake wucewa a guje, ya kuma tara yashi inda da ƙasa ke da tauri. Buɗe makarantu ma an ɗage shi zuwa 28 ga wannan wata, shi ya sa duk ƙauyen da na shiga yara ne cike, suna bina da ihu. Ba yau gulbin nan ya fara ba: ambaliyar 1945 ce ta tashi garin Maraɗi daga kwari ta hau da shi tudun da yake kai yanzu.

A wani gangare na sauka ina turawa, sai ga wani dattijo kan tsohon Phoenix, giya ɗaya tal, da buhun gero ɗaure a kariya. Ya wuce ni yana feda a natse. Na tarar da shi gaba a gindin bedi yana hutawa.

"Baba, sannu da hanya. Ta ina ka bi yashin nan bai kama ka ba?"

"Yaro, kai cikin sawu kake bi. Sawun amalanke na amalanke ne. Hau doron da ke tsakani, ko ka bi gefe inda saiwar ciyawa ta riƙe ƙasa. Kuma daina murɗa kan keken nan, bar shi ya nemi hanyarsa."

Na koma na sake gwada wurin yadda ya ce. Abin da na ƙara lura da shi, buhun da ke bayansa taimakonsa yake yi. Nauyi na kan tayar baya, ta gaba ba ta nitsewa. Ni ma da na ja jikina baya kan sirdi, na sa ƙaramar giya tun kafin in shiga yashin, na ƙi daina feda, sai ga shi na fita. Da ka tsaya da feda ko na daƙiƙa ɗaya, tayar gaba ta tsuguna, shi ke nan sai sauka.

Zafin Oktoba bai bar ni na wuce hantsi ba.

Asabar, 19 ga Oktoba

Makon ƙaya ne wannan. Ƙarangiya ta fi kowa suna amma ba ita ce matsalar taya ba, ita dai safa da ƙafar wando take kamawa. Tsidau ne mugun. Yana kwance a ƙasa ba ka ganinsa, kuma duk yadda ya faɗi akwai tsini ɗaya da ke kallon sama. Ramin da yake yi ƙarami ne, iska na fita a hankali, sai ka yi nisa ka ji keken ya yi nauyi. Ƙayar aduwa kuwa doguwa ce, ta gefen taya take shiga ta fasa shambur nan take. Ga farar ƙaya, ga bagaruwa, sannan in an gama girbi ga tushiyar kara da aka sare a karkace.

A ƙasashen da irin wannan tsere ya kafu, yawancin mahaya sun daina sa shambur. Taya ce ke manne da wili, a zuba wani ruwa mai danƙo a ciki, ƙaya na hudawa ruwan ya toshe ramin. Sai dai abin na son wili da taya na musamman, kuma a zafinmu ruwan bushewa yake cikin ƴan watanni. Na kai maganar wurin mai gyaran kekena a bakin babbar kasuwa.

"Malam, akwai dabara?"

"Akwai, in za ka iya jan nauyi."

Ya ɗauko tsohuwar taya da ta suɗe, ya yanke bakinta mai waya ta ɓangarorin biyu, ya shimfiɗa ta cikin sabuwar, ta zama rufi biyu. Ya sa shambur mai kauri mai bawul irin na mota, wanda ake iya kwance cikinsa, ya ɗura ruwan toshe huji irin wanda ƴan kabu-kabu ke sawa. Keken ya yi nauyi, a kan kwalta har ana jin yana jan ƙafa. Amma tun ranar na ciro tsidau da yawa daga tayar ban buɗe gwangwanin sholisho ba.

Lahadi, 3 ga Nuwamba

Taron yau bayan la'asar ya kai mu har magariba, a kan doka ɗaya.

Wani matashi cikinmu da ke bin irin waɗannan tsere a waya ya zo da dokokinsu a rubuce. Ya kawo Tour Divide, wanda ke tashi daga Banff ta Kanada ya bi duwatsun Amurka har Antelope Wells a bakin iyakar Meziko, kusan kilomita 4,400. Ya kawo Silk Road Mountain Race na Kirgistan da aka fara a 2018, da Atlas Mountain Race na Maroko da aka fara a 2020. Dukansu tushensu ɗaya: kowa ya ɗauki nauyin kansa. Ba motar da ke binka, ba wanda zai jira ka da abinci, ba taimakon da aka shirya. Abin da ke kanti wanda kowa zai iya saye, shi ne naka. Ya ce mu ma haka za mu yi, har ya ƙara da cewa kada a karɓi komai daga hannun kowa.

Wani dattijo cikinmu, tsohon ma'aikacin gona da ya san ƙauyukan Agye gida-gida, ya bari ya gama sannan ya ce, "Ɗana, a ƙauyen da za ka ratsa ba kanti. Za ka yi sallama, a kawo maka ruwa a ƙwarya. In ka ce doka ta hana ka sha, ba za a ce kai ɗan tsere ba ne, cewa za a yi ba a yi maka tarbiyya ba. Kuma gobe wani mai keke ya zo, shi zai biya."

Matashin bai ja da baya ba, kuma yana da hujja. Ya ce rabin mutanen da ke zaune nan suna da dangi a Tasawa, wani surukansa na Mayahi. In aka buɗe ƙofa, wani kaji za su jira shi a kowane zango, wani kuwa ko mai ce masa sannu babu. Aka yi dariya, don kowa ya san wanda ake nufi.

Ni a ganina dokar Turawan ba rowa ba ce, neman daidaito ne, kada mai gata ya fi mara gata. To a nan ƙwaryar ruwan da ake miƙa wa baƙo ba ta tambayar ɗan gidan wa ne, don haka ba ta ɓata daidaito. Abin da ya fi damuna daban ne, na kuma faɗa a taron. Mu ashirin da wani abu ne. Arewacin Agye zuwa Mayahi akwai rijiyoyin da sai da shanu ake jan gugarsu saboda zurfi. Ruwan da ke randar gida mace ce ta ɗauko shi a ka tun da safe. In kowannenmu ya cika gorunansa daga randar nan da sunan karamci, mun shanye wa gida ruwan yini guda mun wuce, su kuma kunya ba za ta bari su ce komai ba.

Ga inda aka tsaya. Abin da aka miƙo maka ba ka roƙa ba, wanda da kowane matafiyi ne za a miƙa masa, ka karɓa ka yi godiya. Abin da aka shirya ta waya haramun ne. Sha a ƙwarya ya halatta, cika gora kuwa sai a famfo ka biya, ko a rijiya ka ja da hannunka. Ba kama bayan amalanke ko babur. Ba ratsa gonar da ba a kwashe ba. In ka haɗu da garke a burtali, kai ne mai tsayawa.

Sai aka aro abu ɗaya daga Cape Epic na Afirka ta Kudu, wanda tun 2004 ake yinsa mutum biyu-biyu: mu ma biyu-biyu za mu tafi, ba a buga wa kati hatimi sai ku biyun kun iso tare. Su don gasa suke yi, mu don kada a bar wani shi kaɗai a daji da karyayyen keke. An haɗa ni da ƙanen wani abokina, ɗalibi a jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo. Ya fi ni sauri nesa ba kusa ba.

Lahadi, 10 ga Nuwamba

Hunturu ya fara leƙowa, ƙura ta sauka. Man da nake ɗiga wa sarƙa ya haɗu da ƙurar ya zama baƙin ƙulli, yana cin haƙoran giya kamar dutsen niƙa. Na cire sarƙar na wanke da kananzir har ta yi fes, ta bushe, na narka kyandir a gwangwanin madara na tsoma ta. Ba maiƙo, don haka ƙura ba ta samun wurin kamawa. Ƙarar ta ɗauke. Sai dai ba ya daɗewa, zan maimaita dab da tafiya.

Asabar, 23 ga Nuwamba

An tura mu, ni da abokin tafiyata, mu duba yankin Agye zuwa Ɗan Saga mu kawo rahoto. Muka ɗora kekunan kan mota har Agye, daga nan muka yi arewa.

Yashin can ya fi na bakin gulbi laushi da zurfi. Mun aro ma'aunin iska, muka yini muna gwaji. A kwalta nakan sa awo 3 a ma'aunin bar. A jan ƙasa mai kunya-kunya 2 ya fi, keken ya daina tsalle. A yashi sai da muka sauko wajen 1.5 sannan tayar ta baje ta hau kan yashin maimakon ta yanka shi. Ƙasa da haka akwai haɗari ga mai shambur: ka taka saiwa ko dutse, bakin wili ya datse shambur ya yi masa huji biyu gefe da gefe, irin wanda ruwan toshewa ba ya iya masa. Wahalar ita ce in ka fito wuri mai tauri sai ka sake bugawa da ƙaramin famfo na hannu. Mun yanke shawarar mu tsaya a tsakiya, wajen 1.8, mu haƙura da ɗan turi a wuraren da suka fi muni.

Ina tsugune ina sace iska sai na tuna labarin Tony Rinaudo, mutumin Ostareliya da ya yi aiki da mishan ta SIM a nan Maraɗi. Shi da kansa yake ba da labarin cewa a 1983 ya tsaya a irin wannan hanya don ya rage wa tayoyin motarsa iska saboda yashi, sai idonsa ya kai kan wani ɗan kurmi a gefe. Da ya duba ganyen ya gane ba ciyawa ba ce, kututturen itace ne da aka sare yake tofowa. Daga nan aka fara abin da manoma ke kira sassabin zamani: maimakon a sare tohon duka lokacin sharar gona, a zaɓi ƴan rassa masu ƙarfi a bar su, a rage sauran. Ana ƙiyasta cewa ta haka aka farfaɗo da kadada wajen miliyan 5 a kudancin Nijar, itatuwa kusan miliyan 200. A 2018 aka ba Rinaudo lambar yabo ta duniya mai suna Right Livelihood, shekarar da aka ba Yacouba Sawadogo na Burkina Faso. Rinaudo ya samu lambar, amma hannun da ya riƙe gatari ya ƙi sarewa na manoman nan ne, kuma Ɗan Saga na cikin garuruwan da suka yi suna wajen kafa kwamitin tsaron itatuwa.

Ga mai keke abin fuska biyu ne. Gawo yanzu yake cika da ganye, tunda shi da damana yake zubarwa, don haka akwai inuwa kusan ko'ina, ga kalgo da sabara na rage ƙarfin iska. Amma rassan da aka sassabe a bakin hanya ake jibge su, kuma gindin gawo cike yake da ƙaya. Na rubuta a rahoto: wanda zai huta a inuwar gawo ya sauka tun daga nesa ya ɗauki kekensa a kafaɗa.

Mun je gaida maigari, muka roƙi a buga hatimi a ƙofar gidansa ranar.

"To, me za a ba wanda ya riga kowa?"

"Ranka ya daɗe, ba komai. Katinsa dai zai cika."

Ya dube mu ya dubi mutanensa. Ya ce shi dai ya san ɗan kokowa in ya kada kowa takobi ake ba shi da doki, tun daga Kantu na Maraɗi da ya fara ɗauka a Tawa a 1975. Wahala ba doki kuwa bai taɓa ji ba, amma Allah ya ba da sa'a, ƙofarsa a buɗe take.

Lahadi, 8 ga Disamba

Gwajin kaya. Muka ɗaura duk abin da za mu tafi da shi muka je Madarumfa da rana, muka zauna bakin tabki muka ci abinci, ba mu tsaya ziyarar kaburburan waliyyai 99 ba, muka juyo kafin la'asar.

Ruwa lita 4 kowannenmu: gora biyu a jikin keke, sauran a jaka. Gora ɗaya kullum ta gishiri da sukari ce, awon da ake koyarwa a asibiti, wato lita ɗaya, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri. A hunturu mutum ba ya ganin gumi saboda iska na busar da shi nan take, sai ya ɗauka bai yi ba, sai ciwon kai ya sanar da shi. Na ruwan rijiya muna da ƙwayar Aquatabs mai tsabtace ruwa, a jefa a jira minti 30.

Abinci: dabino, aya, ƙuli-ƙuli, ɗan kilishi. Kilishi daɗi ne amma ƙishi yake jawowa, na mai da shi na dare. Dabino ne na kan hanya, kaɗan-kaɗan ba sai an ji yunwa ba. Fura za mu saya inda muka samu.

Kaya masu nauyi sun koma baya da tsakiyar keke, gaba sai bargo kawai. Inda sirdi ke gurza kuwa man kaɗe ya fi duk abin da na gwada.

Laraba, 18 ga Disamba

Hutun ranar Jamhuriya. Takardun izini sun fito, an sanar da jandarmomi na kowane yanki, an kuma kai gaisuwa wurin sarakunan da za mu ratsa ƙasarsu. Wani ya so a ƙara hanya daga Tasawa zuwa Maijirgi a ga kaburburan Voulet da Chanoine, sojojin Faransa da suka yi ɓarna a ƙasar nan har nasu sojojin suka harbe su a 1899. Aka ce masa rana ta biyu ta riga ta yi tsawo, kuma ba su cancanci gumin kowa ba.

Iska daga arewa maso gabas take zuwa, kuma wajen ƙarfe tara take tashi. Ma'ana ranar farko da rabin ta biyu a fuska za mu sha ta, ta uku ce za ta tura mu. Duk abin da za a ci na hanya a ci shi tsakanin asuba da hantsi.

Juma'a, 27 ga Disamba

An raba kati, an tura wa kowa layin hanya a waya, wanda ke aiki ko ba intanet. Na sake tsoma sarƙa a kyandir. Mai gyara ya ɗaure mini sifok biyu, wato wayoyin wili, na ajiya a jikin keken da roba, ya ce ba ya son kuɗinsu sai na dawo.

Asabar, 28 ga Disamba, Agye

Mun tashi daga gaban filin kokowa bayan sallar asuba, da fitila a goshi, hannu na ƙanƙara. Rana ba ta fito ba sai wajen bakwai saura. Samarin suka fita a guje tun daga bakin gari, abokin tafiyata na ta waiwayena.

"Yaya, za su bar mu fa."

"Bar su. Iska na jiransu gaba."

Hatimin farko a Caduwa, inda muka tsallaka kwalta. Daga nan iskar ta taso, ƙura ta rufe gaba, muka naɗe fuska da rawani. An saki gonaki, shanu ko'ina, sun tattake hanyoyin har doron tsakiya da dattijon nan ya nuna mini ya ɓace a wurare da yawa. Sau da dama gefen gona muka bi, tsakanin tushiyar kara, ido na ƙasa. Wajen azahar muka fara tarar da waɗanda suka gudu da safe, zaune a gindin itace suna faci.

Dokar ruwa ta gamu da gwajinta a wani ƙauye bayan Caduwa. Mun yi sallama muna tambayar famfo, wata tsohuwa ta kawo ƙwarya muka sha. Da ta ga gorunanmu ba komai sai ta ce wa jikarta ta karɓa ta cika.

"Inna, bar shi, nuna mana famfo kawai."

"Ruwan nawa ne bai yi muku ba?"

Ba amsar da za a ba wannan tambaya. Muka bari aka cika ɗaya. Abokin tafiyata ya ga jarkoki biyu a bakin ƙofa, ya ɗauka ya rataya a kekensa, ya je famfo a ƙarshen gari ya cika su tare da sauran gorunanmu ya kawo mata. Abin ya ci mana kusan rabin awa. Da daddare a nan Agye aka tada maganar, matashin mai dokoki ya ce an karya doka tunda an cika gora daga randa. Shugaban shiri ya ce randar ta ƙaru ne ko ta ragu? Aka bar ta a nan, amma na ga bai gamsu ba.

Mun iso bayan la'asar. A makarantar da aka ba mu za mu kwana. Tuwo da miyar kuka, kowa ya biya nasa.

Lahadi, 29 ga Disamba, Mayahi

Maigarin Ɗan Saga da hannunsa ya buga mana hatimi, ya sake tambaya ko an samo dokin.

Zuwa Tasawa ba laifi, akwai jan ƙasa mai tsawo da muka samu muka miƙe ƙafa. A can ne surukin mutumin nan da aka yi wa dariya a taro ya bayyana kan babur da kaji gasassu cikin kwano. Ya rantse ba wanda ya kira shi, labari ya ji a gari. Shugaban shiri ya yanke hukunci nan take: ko a mayar, ko a ajiye kwanon a wurin hatimi duk wanda ya iso ya ɗauka. Aka ajiye. Mu fiffike muka tarar. Mutum huɗu sun tsaya a Tasawa sun nemi motar gida, ɗaya gwiwa, ɗaya ciki, sauran biyun abokan tafiyarsu ne da doka ta ɗaure su tare. Wannan ɓangaren dokar biyu-biyu ba mu yi masa dogon tunani ba a taro, kuma ɗaya daga cikinsu ya tafi ransa a ɓace, don shi lafiyarsa lau.

Daga Tasawa zuwa nan ne aikin yake. Da muka gangara kwarin Gulbin Kaba sai yashi ya koma fari, mai zurfi, ba doro ba gefe. Gulbi ne a suna, ruwansa na ƙarƙashin ƙasa, sama kuwa goriba ce da kaba iya ganinka. Mata na wucewa da damman kaba a ka na saƙar tabarma, suna yi mana sannu muna tura keke. Mun rage iska har 1.5, ya ɗan taimaka, amma hannun kaba busasshe na da ƙayoyi a jere kuma yana kwance cikin yashin, don haka ba ka sakin jiki. Na fi awa ɗaya ina turi. Abokin tafiyata da ba shi da nauyi yana hawa wuraren da ni nake nitsewa, ya je gaba ya ajiye nasa ya dawo ya kama mini.

Wasu biyu da ke gabanmu kara ya shiga abin sauya giyar baya na ɗayansu ya karya shi. Suka cire shi gaba ɗaya, suka rage tsawon sarƙar suka ɗaura ta kan haƙori ɗaya na tsakiya, keken ya koma mai giya ɗaya. Da haka suka shigo, kuma sun riga mu.

Ni sifok ne ya tsinke a wilin baya, ta ɓangaren sarƙa, inda ba ya sauyuwa sai an kwance haƙoran giya, mu kuwa ba mu da abin kwancewa. Na naɗe guntun a jikin na kusa da shi, na sassauta birkin baya don wilin ya daina gogarsa, muka ci gaba a hankali. Mun shigo Mayahi bayan magariba, ana rufe hatimi da isha'i.

Gobe ce mafi tsawo, amma iska na bayanmu kuma an ce daga Sabon Mashi zuwa Tsibiri ƙasar ta fi tauri. Ana rufe hatimin Sabon Mashi ƙarfe ɗaya. Abokin tafiyata ya ce gwiwarsa ta hagu na masa magana tun daga kwari, na ɗaga masa sirdi kaɗan, mun shafa man zafi, sai da safe za a san gaskiyarta. In ta ƙi, za mu nemi shugaban shiri ya yarda a haɗa ni da wani da nasa abokin ya gaza, maganar da ake ta yi yanzu a tsakar gida kuma ba a gama ba. Wilin na wurin wani mai gyara kusa da tasha, na kai masa sifok ɗaya cikin na ajiya, ya ce in koma ƙarfe tara da fitilata don tasa ba batir.